Za ka koma wata ƙasa: ka tafi da mashin ɗinka ko ka sayar?

Sana'ata gyaran mashin ce a nan Daura, ina kuma taɓa dillanci idan ta kama. Kusancinmu da iyakar Nijar ya sa wannan tambaya ba ta yanke mana a bakin shago. Wani zai koma Damagaram da iyalinsa, wani ya samu aiki a Maraɗi ko Yamai, wani ɗalibi ne da karatu zai kai shi Ingila. Kowa sai ya dafa sirdin mashin ɗinsa ya ce, "Maigida, yaya zan yi da wannan?" Ra'ayina a bayyane yake: yawancin masu ƙaura sayarwa ta fi musu, kaɗan ne tafiya da shi za ta amfane su. Ga yadda nake bi da mutum har mu gane ɓangaren da yake.

Abin da nake fara tambaya shi ne, ziyara za ka ko zama? Mutanenmu suna haɗa biyun nan saboda sun saba ganin mashina na shige da fice ta Kwangwalam, musamman ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci. Wanda ya tsallaka ya gaida dangi a Matamaye ya dawo, baƙo ne, kuma takardar wucewa ta ɗan lokaci da ma'aikatan duwan, wato kwastam na can, ke bayarwa ta ishe shi. Takardar nan tana da wa'adi. Ranar da ka kama haya ka sa yara a makaranta, ka tashi daga baƙo, mashin ɗinka kuma ya zama kayan da aka shigo da su ƙasar. Dole a biya masa kuɗin fito, a yi masa rajista, a ɗaura masa lambar can, a yanka masa inshorar can. Wanda zai yi wata biyu ko uku, aikin gini ko cin rani, lissafinsa daban. Wanda zai yi shekaru, da shi nake wannan magana.

Kafin ka tambayi kowa komai a can, ka fito da takardunka na nan ka shimfiɗa su a kan tabarma. Rasit ɗin saye, takardar kwastam da dila ya kamata ya haɗa maka da ita, takardar rajista da lamba, inshora, da lasisin tuƙi na aji A, wanda shi ne na masu babur. Sai ka ɗauki tsumma da ɗan fetur ka goge wuyan mashin, wajen da aka buga lambar jiki, ka goge gefen inji inda tasa lambar take. Ka karanta harafi bayan harafi kana dubawa da abin da ke rasit. A nan ne zancen mutane da yawa yake ƙarewa. Wani hannu na uku ya saya, sunan da ke rasit bai ma taɓa ganin mai shi ba. Wani inji ya buga shekaran jiya aka sa masa na gwanjo, lamba ta saɓa. Wani tun da aka haɗa masa shi daga kwali bai taɓa ɗaura lamba ba, don a unguwa kowa ya san shi kuma ba mai tare shi. A gida wannan yana wucewa. A gaban jandarman da bai san mahaifinka ba, mashin da lambarsa ta saɓa da takarda na sata ne har sai ka kawo hujja. Idan takardunka ba su cika ba, kada ka wahalar da kanka da sauran lissafin, ka nemi mai saye.

Wanda takardunsa suka cika, sai ya san cewa harajin da aka biya a Najeriya lokacin da mashin ya shigo daga Indiya ko Sin ba ya bin sa zuwa wata ƙasa. Can ma za su yi masa ƙima da nasu ma'aunin, ba da abin da ka ce ka saya ba, su ɗora kuɗin fito, a Nijar kuma akwai harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari a kai. Wasu suna cewa ai ECOWAS ce, duk ɗaya ne. Sauƙin harajin ECOWAS na kayan da aka ƙera a yankin ne. Sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025, don haka abin da ɗan'uwanka ya yi shekara biyar da suka wuce ba shi ne ma'auni ba. Hatta katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa da ake tsallaka iyaka da shi, ka tabbatar a ofishin kan iyaka cewa za a karɓe shi kafin ka fitar da kuɗinka. Mu da ke nan mun ga an rufe iyaka a Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Disambar 2020, mun kuma ga an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mashin da ya shiga da takardar ɗan lokaci aka rufe hanya a bayansa, wa'adi ya ƙare, mai shi yana ji yana gani ya zama mai laifi.

Za a samu mai ce maka ya san hanya ta bayan gari, a ba shi kaɗan ya tsallakar da shi cikin dare. Ina roƙonka kada ka yarda. Ko an wuce lafiya, ka mallaki abin da ba za ka iya yi wa rajista ba, ba za ka iya sayarwa da daraja ba, idan an sace kuma ba ka da bakin kai ƙara. Mai iyali a baƙon wuri ba ya buƙatar wannan fargabar kullum safiya.

Akwai kuma abin da ya fi haraji nauyi a 'yan shekarun nan, wato dokar tsaro. A jihar Diffa an hana hawa babur a 2015 saboda Boko Haram, a sassan Tillaberi ma an hana daga farkon 2020. Mu ma a Katsina ba baƙon abu ba ne, don a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum uku, ta taƙaita zirga-zirgar mashina da dare, ta dakatar da cinikin mashina na hannu a kasuwar Charanci. Irin waɗannan dokoki suna zuwa ne dare ɗaya, a sassauta, a sake tsaurarawa. Ka tambayi halin da garin da za ka yake ciki a wannan watan, ka kuma tambayi irin mashin da jami'an tsaro suka fi sa wa ido. Manyan masu ƙarfin shiga daji, irin Boxer, sun fi jawo tambaya a shingen hanya fiye da roba-roba, balle a ce da lambar wata ƙasa a bayansa.

Yanzu ga ɓangaren da na fi sani. Mashin yana rayuwa ne da kayan gyara da hannun da ya san shi. Daga nan har Maraɗi da Damagaram babu matsala sosai, don kasuwarmu kusan ɗaya ce, kaya daga Kano suke zuwa mana duka, kuma Haojue ko Jincheng ko Bajaj ba za su rasa mai kwance su ba. Da ka nausa gaba abin yana sauyawa. Kowace ƙasa da irin mashin da 'yan kasuwarta suka cika ta da shi. A Nijar za ka ga Kasea ko'ina, a Togo da Burkina Faso za ka ji ana Sanya da Apsonic. Injinan Sin da yawa suna kama da juna, fulogi da sarƙa da takalmin birki za su iya shiga, amma ranar da ka nemi fistin ko akwatin wuta ko murfin gefe na naka samfurin, sai a ce sai an aiko. Mashin ya kwana wata a jingine saboda abin da a Daura yaron shago zai sayo maka da ƙafa.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka ɗauki hoton mashin da na injin, ka tura wa wanda ka sani a can ta WhatsApp, ka ce ya kai wa bakanike, ba mai sayar da sababbi ba. Ya tambaye shi abu uku: yana gyara irinsa, ana samun kayansa a garin, nawa irinsa na hannu yake tashi da cikakkun takardu. Idan garin na kusa ne kamar Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, ko Damagaram ta Kwangwalam, zuwa da kai ya fi aike. Ka hau mota ka je, ka shiga ofishin duwan da kwafin takardunka, ka sa su faɗa maka da bakinsu abin da za ka biya, ka rubuta.

Da waɗannan amsoshi a hannu, lissafin ya zama na ɗan firamare. Misali kawai, a ce mashin ɗinka zai yi naira dubu 700 a nan yau, irinsa kuma a can, bayan an canza kuɗin, ya kama dubu 900. Tazarar dubu 200 ce. Idan kuɗin ɗauka da fito da rajista da lamba sun haura wannan tazarar, tafiya da shi asara ce. Idan sun gaza ta da nisa, kuma ka san lafiyar injinka tun yana sabo, to tafiya da shi na da hujja, domin na hannu da za ka saya a baƙon gari ba ka san cutar da ke cikinsa ba. Ka lura da canji. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta zama wuri ɗaya. Idan ka sayar, kada ka riƙe kuɗin a naira wata da watanni kana jiran ranar tafiya, ka canza da wuri ko ka jinkirta cinikin zuwa kusa.

Masu tsallaka teku, maganarku gajera ce: ku sayar. Sai an kai mashin Legas, an tsiyaye mai, an cire batir, an ƙera masa akwatin katako, an biya jirgi, an biya masu fitar da kaya a can. A jirgin sama cikin kaya masu haɗari ake lissafa shi, kuɗin kuma ya fi haka. Ingila tana yafe haraji ga kayan mai ƙaura idan ya zauna a wajen Ingila wata 12 kuma ya mallaki abin wata 6, amma sai ka sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowar mashin, sai ya ci gwajin inganci kafin a ba shi lamba, ga tuƙi ta hannun hagu, ga sanyin da zai hana ka hawa watanni. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da ma'aunin hayaƙi da na birki da mashinan kasuwarmu ba don su aka ƙera su ba. Amurka ba ta barin abin hawan da bai kai shekara 25 ba ya shiga sai ya dace da ƙa'idojinta. Duk wannan a kan mashin mai ƙaramin inji da kuɗin jigilarsa kaɗai zai iya saya maka wani.

Idan ka yanke sayarwa, ka fara da wuri. Dillalai suna jin ƙanshin gaggawa, ni ma dillali ne, na san yadda farashi ke faɗuwa idan aka ji jibi za ka tashi. Ka wanke shi, ka canza baƙin mai, ka gyara ƙananan abubuwa irin fitila da madubi. Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne wanda ka sayar wa. Ka san shi ko ka san wanda ya tsaya masa. A rubuta yarjejeniya da sunansa da lambar wayarsa da lambar jiki da ta inji da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani, ka riƙe kwafi ka kuma ɗauki hotonsa a waya. A aya ta 282 ta Suratul Baƙara an umarce mu da kafa shaida idan mun yi ciniki, kuma a halin da jiharmu ke ciki wannan kariya ce ta zahiri. Mashin da aka tsinta a inda bai kamata ba, sunan da ke rajista za a bi, kai kana wata ƙasa, tsohonka ne zai amsa kira. Ka matsa a canza sunan mallaka kafin ka tafi.

Wasu ba sa iya rabuwa da shi, sai su ce a bar wa ƙane, ko a ba ɗan acaɓa yana kawo balas ana ba Hajiya kuɗin cefane. Niyyar mai kyau ce, amma na ga zumunci ya yi tsami a kan wannan. Balas yana zuwa wata na farko da na biyu, daga nan sai labarin taya da ring, mai mashin yana nesa ba ya iya tantance gaskiya. In kana son ƙanenka ya amfana, ka ba shi kyauta a gaban iyaye, ko ka sayar masa da sauƙi ya biya a hankali, kowa ya san matsayinsa. Ajiyewa a ɗaki kuma tana da iyaka. Wata shida zuwa shekara za a iya: a tsiyaye man da ke kafireta, a cire batir, a ɗora shi kan babban jak don tayoyi su huta, a shafa wa sarƙa mai, a toshe bakin salansa, a rufe shi saboda ƙurar hunturu, a kuma riƙa duba ɓeraye don suna cin wayoyi. Abin da ya wuce haka, robobi suna bushewa, tanki ya yi tsatsa, darajarsa na raguwa yana tsaye.

Wanda lissafi ya ba shi tafiya da shi, kada ya hau shi ranar ƙaura da kaya da yara. Ya ɗora shi a motar kaya tare da sauran kayan gida, tanki kusan babu mai, madubai a cire, a ɗaure shi tsaye ta gaba da baya da tsumma a ƙarƙashin igiya. Ya tsallaka da rana ta ƙofar hukuma, ya bayyana shi da kansa kafin a tambaye shi. Takardu na asali su kasance a jikinsa, kwafi a jaka, hotunansu a waya. Ya sayi fulogi biyu, wayar kuloci da ta birki, sarƙa da haƙoranta, da tiyub, ya kuma sa hular kwano cikin kayan, don biranen can suna tambayarta. A makon farko da sauka, kafin mashin ya fara zuwa kasuwa, ya kai shi a yi masa fito da rajista.