Yadda zaka fara tara tsofaffin takardun kudi, har da na zinaren Amurka

Duk mai son shiga harkar nan ya fara rike abu daya, lafiyar takarda ita ce kudinta, tsufa kadai baya sa ta tsada. Takarda biyu shekara daya bugu daya, daya sabuwa kar dayar kuma ta sha ninki da gumin aljihu, farashinsu ko kusa baya haduwa.

Toh ka fara da na gida kafin ka kai hannu kan dala. Ka tambayi tsofaffi, adakar kaka da tsakiyar littattafan malam sun boye abubuwa da yawa. Akwai takardun sule goma da sule ashirin na hukumar kudin Afirka ta Yamma masu hoton bishiyar kwakwa, akwai fam din da CBN ta fara fitarwa a 1959, ga takardar kwabo hamsin da ta zo tare da naira a 1973, ga kuma 'yar Murtala ta 1977 tun kafin a canza kalar kudi a 1984. A kan wadannan idonka zai bude, kuma ko an cuce ka asarar kadan ce.

In ka dauki takarda ka daga ta a haske, ka haska tocila daga gefe, nan zaka ga layin ninki ko da an danne shi, da ramin fil, da inda aka like da gam ko aka datse baki da almakashi. Kamfanonin tantance takardun kudi irin PMG suna bada maki daga 1 zuwa 70 su rufe takardar cikin roba da lambarta, daga 60 zuwa sama shine wadda bata taba yawo a hannu ba, ninki daya tak a tsakiya ya isa ya sauko da ita kasa da 60. In kaga an rubuta EPQ a jikin robar, ma'anarsa takardar na nan yadda aka buga ta, ba wanki ba guga.

Dan Allah kar ka goge takarda da dutsen guga, kar ka wanke, kar ka manna selotef, uwa uba kar ka kai ta laminatin. Wallahi abin yana min ciwo in naga fam mai kyau an narka mata roba wai adanawa ake, an gama da ita kenan babu mai saye da daraja. Ka nemi leda ta Mylar wadda babu PVC (wani nau'in roba mai bata takarda), ka ajiye a kwance, nesa da rana da danshin damina da gara.

Sai maganar takardun zinare na Amurka, wadanda aka rubuta Gold Certificate a jikinsu. Tun 1865 aka fara su, mai rike da ita zai iya zuwa ya karbi tsabar zinare daidai adadin da ke rubuce, har 1933 da shugaba Roosevelt ya bada umarnin jama'a su mika zinarensu tare da takardun, kuma ba a sake halatta ajiye su ba sai 1964. Manyan takardun na da can, bayansu ruwan lemo ne, kananan na 1928 bayansu kore amma hatimi da lambobi ruwan gwal. Mai farawa ya nemi dala 10 ko 20 ta 1922 ko ta 1928, sune suka fi samuwa, masu tauraro a jikin lamba sun fi tsada. Yanzu babu bankin da zai baka zinare a kanta, darajarta tana wajen masu tarawa ne.

Wanda duk ya tallata maka ta dala 100,000 mai hoton Woodrow Wilson ka wuce kawai, tsakanin bankunan gwamnati ta yi aiki, doka bata yarda mutum ya mallake ta ba. Haka ma masu kyalli din nan ruwan gwal da ake sayarwa a Facebook, kayan kwalliya ne. Takarda mai tsada ka sayi wadda aka riga aka bawa maki, ka shigar da lambar robar a shafin kamfanin ka tabbatar hoton ya dace, sannan ka duba nawa irinta ta fita a gwanjon baya kafin ka tura ko sisi.