Yadda Za Ka Samu Aikin Kare Namun Daji a Lokacin da Kuɗin Tallafi Ke Ƙafewa

A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, zuwa watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli duk shekara wajen kare dazuzzuka da namun daji a duniya. A watan Fabrairun shekarar Birtaniya ta ce ita ma za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 2027. A Nijar, tun juyin mulkin Yulin 2023 Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka janye tallafi mai yawa. Ga kuma matsalar tsaro: gandun Kamuku da ke Birnin Gwari da wasu sassan gandun Kainji sun zama wuraren da ma'aikaci ba ya shiga da kwanciyar hankali.

Don haka idan matashi ya ce wannan aikin yake so, iyayensa suka ce ya sake tunani, ba su yi laifi ba. Amma ni ban ga dalilin da zai sa ya fasa ba. Giwayen Yankari, waɗanda ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, suna nan suna buƙatar masu gadi, manoman da ke gefen gandun kuma suna buƙatar wanda zai raba gonakinsu da giwayen. Aikin yana nan, hanyar shigarsa ce ta canja. Wanda zai daɗe a cikinsa yanzu shi ne mai sana'a a hannu, wanda kuma ya san wani daji da mutanensa ciki da bai.

Mataki na farko: san inda albashin zai fito

Kafin ka rubuta takardar neman aiki, bincika tukunyar da ake ɗebo albashi daga cikinta. Akwai aikin gwamnati: Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa a Najeriya, wadda ma'aikatanta ke sa kaki suna riƙe makami, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da jami'an ruwa da gandun daji a Nijar. Albashin ba shi da yawa, kayan aiki kan yi ƙaranci, amma akwai fansho, kuma ba ya tsayawa don wata ƙasa ta yi zaɓe. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da wasu dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, cikinsu har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa. Miƙa su yana tafiya sannu a hankali, amma duk wanda ya tsaya da ƙafarsa sai ya nemi ma'aikata, don haka ka sa ido.

Akwai kuma ƙungiyoyin da suka ƙulla doguwar yarjejeniya da gwamnati kan wani gandu. WCS, wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi kan Yankari a 2014. Gidauniyar ANI, mai aikin kare gandun daji, ta sa hannu a 2017 kan yarjejeniyar shekara 30 a Gashaka Gumti, gandu mafi girma a Najeriya, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa. Irin waɗannan sukan tara kuɗi daga wurare daban-daban, idan ƙofa ɗaya ta rufe ba su durƙushe gaba ɗaya ba.

Sai ayyukan wa'adi, na shekara biyu ko uku, da mai tallafi guda ke ɗauka. Su ne suka fi biya da tsoka, su ne kuma suka fara rushewa a 2025. Ban ce ka ƙi su ba. Ka dai tambaya a ranar ganawa, ba tare da jin nauyi ba: wa ke biyan kuɗin wannan aiki, yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma an riga an saki kuɗin ko alkawari ne? Mai ɗaukar aiki na ƙwarai ba zai ga laifinka ba.

Kada ka manta da ayyukan da sunansu bai ce namun daji ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, yana aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja wajen farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ga kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta yaƙi da hamada. Wanda ya koyi aikin fili a nan, gobe gandun daji zai karɓe shi.

Mataki na biyu: karatu, gwargwadon hali

Idan kana da damar jami'a, akwai sashen gandun daji da namun daji a Jami'ar Bayero, Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. Ilimin dabbobi, na tsirrai, labarin ƙasa da likitancin dabbobi duk suna kai mutum. Mai neman difloma ya duba Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke New Bussa, kusa da gandun Kainji, ko Kwalejin Gandun Daji ta Jos. A Nijar akwai makarantar Kollo mai horar da jami'an karkara, masu jin Faransanci kuma suna da makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, wadda ke yaye ma'aikata tun 1970.

Wanda ya gama digirin farko da sakamako mai kyau, ya nemi cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. Tana ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, ɗalibai kaɗan take ɗauka, horon kuma na fili ne na gaske. Da yawa daga cikin masu jan ragamar wannan fanni a Najeriya a yau daga can suka fito.

Mataki na uku: koyi abin da za a rasa idan ba ka nan

Nan ne matasa da yawa ke tuntuɓe. Kowa na rubuta cewa yana ƙaunar dabbobi. Ranar da kuɗi ya ragu aka zauna rage ma'aikata, ba ƙauna ake dubawa ba, ana duba wanda aiki zai tsaya idan ya tafi.

Fara da taswira. Manhajar QGIS kyauta ce, tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, darussanta kuma sun cika YouTube. Ka ɗauki dajin da ke kusa da garinku, ka zana iyakarsa, ka kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya da na bana, ka nuna inda gonaki suka ci daji. Wannan taswira guda, idan ka yi ta da kyau, ta fi shafi uku na yabon kai. Daga nan ka koyi SMART, manhajar da masu sintiri ke amfani da ita a gandaye da yawa na duniya: tana rubuta inda suka bi, tarkon da suka kwance, sansanin mafarauta da suka tarar, har shugaban gandu ya san inda zai tura mutane gobe. Ita ma kyauta ce. Ka ƙara da KoboToolbox don tattara bayanai daga mutanen ƙauye ta waya, ka kuma iya Excel sosai, ba iya buɗewa da rufewa ba. Sai rubuta rahoto gajere mai tsabta da Turanci ko Faransanci, domin da rahoto ake sabunta tallafi.

Amfanin waɗannan shi ne ba su tsaya ga gandun daji kaɗai ba. Mai iya taswira da tattara bayanai zai ci abinci a aikin noma, na lafiya ko na agaji idan kwangilarsa ta ƙare, ya dawo daji idan hanya ta buɗe.

Kuma ba mai digiri kaɗai gandu ke nema ba. Ana neman direban da ya san hanyar daji da damina, makanikin da zai tayar da mota a inda babu gareji, mai gyaran sola da rediyon oba-oba, akawu mai amana, ma'aikacin jinya, da mai bin sawu. Ɗan maharbin da ya tashi yana bambanta sawun gwanki da na ɓauna yana da ilimin da ba a koyarwa a aji, kuma gandaye da dama sun ɗauki tsofaffin mafarauta aikin gadi saboda haka.

Mataki na huɗu: fita fili tun ba a ɗauke ka ba

Hanya mafi arha da na sani ita ce tsuntsaye. Akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta, yana da tawagar masu sa kai a Arewa. An yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance. Kana zaɓar gida ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu a cikinsa cikin kwana biyar, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa a manhajar BirdLasser, ka tura. Gidaje da yawa a Arewa ba a taɓa zagaya su ko sau ɗaya ba, don haka abin da ka tura daga bakin fadamar garinku bayani ne sabo, kuma da sunanka zai shiga. Idan ba ka da madubin hangen nesa, ka bi waɗanda ke da shi, a haka ma za ka san mutane. Mai hali ya je dausayin Haɗeja da Nguru da sanyin hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona da Baturiya su cakuɗa da dinya da kirinjijiya.

Ɗalibi kuma kada ya yi wasa da watannin koyon aiki da shekarar bautar ƙasa. Tun da wuri ka rubuta wa gandu, gidan zu ko ƙungiya irin su NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, ka nemi su karɓe ka. A wannan fanni mutane kaɗan ne kuma sun san juna. Wanda ya ga yadda kake tashi da asuba ka riƙe littafin bayanai cikin tsari, shi zai kira ka ranar da gurbi ya samu.

Mataki na biyar: riƙe harshenka da mutanenka

Rabin aikin kare namun daji zama da mutane ne. Makiyayi ya shigar da shanu gandu don burtali ya toshe kuma ciyawa ta ƙare a waje. Manomi ya wayi gari giwaye sun tattake dawar da zai ci shekara da ita. Masunci a Nguru yana kukan ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, yanzu tana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma sayar da sassan jikinta a kasuwannin magani na cikin dalilan. Ba a magance ko ɗaya daga cikin waɗannan da bindiga kaɗai. Sai an zauna da arɗo, da mai gari, da sarkin baka, da masu maganin gargajiya, an saurare su kafin a yi magana.

Kai da ka tashi da Hausa, ka san yadda ake gaida dattijo da lokacin da ake yin shiru, kana da abin da ƙwararren da aka ɗauko daga waje ba zai samu cikin shekara biyu ba. Ka rubuta shi a takardar neman aikinka a sarari. Idan ka ƙara da Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, darajarka ta ninka. Dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai: a tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 50 ba, daga baya suka haura 600, alhali ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Haƙurin manoman yankin da aikin da aka yi tare da su ne suka kawo haka.

Ke kuma 'yar'uwa, kada a ce miki aikin maza ne. Mata ne ke itace da ɗibar ganye da ruwa a bakin daji, kuma a garuruwa da yawa namiji baƙo ba zai shiga gida ya ji ta bakinsu ba. Ƙungiyoyi sun san wannan giɓin, suna neman mai cike shi.

Mataki na shida: nemi ƙaramin tallafi da kanka

Manyan kuɗaɗe sun ragu, amma ƙananan gidauniyoyi masu zaman kansu suna nan. Gidauniyar Rufford tana bai wa masu fara aiki 'yan dubban fam don ƙaramin bincike, Asusun Mohamed bin Zayed yana ba da har dala 25,000 kan dabbar da ke fuskantar ƙarewa, Idea Wild kuma kayan aiki take bayarwa. Ka zaɓi tambaya ƙarama da za ka iya amsawa cikin shekara guda, kamar yawan ungulun da suka rage a mahautan ƙananan hukumomi uku, ka samu malamai masu tsaya maka, ka rubuta kasafi na gaskiya. Idan aka ba ka, ka adana rasit na kowace naira, ka kai rahoto kan lokaci. Tallafi na biyu yana dogara ne kan yadda ka riƙe na farko.

Mataki na bakwai: tsaro, da abin da za ka ci tsakanin kwangiloli

A watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan jagora. Masu gadin gandaye a Najeriya ma sun sha rasa rayukansu a bakin aiki. Don haka kafin ka karɓi aikin fili, ka tambayi irin horon da ake bayarwa, ko akwai rediyo da motar ɗaukar wanda ya ji rauni, ko akwai inshora, da abin da ake yi wa iyalin wanda ya rasu. Ka yi shawara da iyayenka, ka kuma ji ta bakin waɗanda suka riga ka aiki a wurin. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi, ka bi sanarwar da hukumar ta fitar da kanta.

Sannan ka shirya wa watannin da babu albashi, domin za su zo. Wasu na koyarwa a sakandare, wasu na kiwon zuma, wasu na renon dashen itatuwa su sayar wa shirye-shiryen farfaɗo da daji, wasu na zana wa manoma da ƙananan hukumomi taswira. Ka zaɓi wadda ba za ta raba ka da fili ba. A cikin waɗannan watanni ka ci gaba da zagaya gidanka na taswirar tsuntsaye, ka sabunta taswirar dajin garinku, kuma duk wata uku ka aika wa waɗanda suka taɓa koya maka aiki gajeren saƙo kan abin da kake yi da lambar da za a same ka.