Yaƙi a Kan Teburin Falo: Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Fili Ya Yi Kaɗan

Ranar da na fara jera 'yan sojojina a kan teburin falonmu, wasan bai kai minti goma sha biyar ba ya ƙare. Teburin faɗinsa ƙafa biyu ne da 'yan kai, tsawonsa bai cika ƙafa uku ba, ni kuwa na ɗauko dokokin da aka rubuta don tebur mai ƙafa 6 da ƙafa 4, na ce ko ta halin ƙaƙa sai sun zauna. A motsin farko dawakina suka afka wa 'yan bakan abokina tun bai taɓa ko soja ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba yaƙi ba ne, turereniya ce a ƙofar motar haya." Gaskiyarsa.

Ga wanda bai san wasan ba: 'yan ƙananan sojoji ne na roba ko na ƙarfe, a jera su a kan tebur, a auna tafiyarsu da rula, a jefa ɗan lido ya yanke hukuncin wanda harbinsa ya samu. Babu kuɗi a ciki, ba caca ba ce. Tushensa daga tsohuwar daular Furusiya ne, ta Jamusawa, inda wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan soja nasa tsarin a 1824 don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokinsa na Little Wars, kuma shi a ƙasa yake wasa, a tsakar ɗaki ko a lambu, da 'yar igwa mai harba tsinke. Ka ga ke nan a gidan masu fili aka haifi wasan. Mu da ke ciki da falo, da yara suna zirga-zirga, dole mu yi namu lissafin.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne wanda na yi: a rage tebur, a bar awo yadda yake. Ɗauki wasan Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara fitarwa a 1987. Sojan ƙasa yakan yi tafiyar inci 6, bindigarsa ta yau da kullum takan kai inci 24. A babban tebur wannan daidai ne, akwai inda za ka ɓuya, akwai lokacin yin dabara. A tebur mai ƙafa biyu kuwa, inci 24 shi ne faɗin duniyar gaba ɗaya. Kowa yana ganin kowa, kowa yana iya harbin kowa, wanda ya ci sa'ar fara jifa shi ya ci yaƙin.

Maganin da 'yan wasa suka daɗe suna yi mai sauƙi ne: duk inda doka ta ce inci, ka karanta santimita. Tebur mai ƙafa 6 da 4 inci 72 ne da 48, don haka ya koma santimita 72 da 48, abin da ƙaramin tebur zai ɗauka har da saura. Amma a kula, sai an rage komai tare: tafiya, nisan harbi, tazarar da ke tsakanin rundunonin biyu a farkon wasa, har da girman su sojojin. Idan ka rage awo ka bar manyan sojoji masu tsayin milimita 28, za ka tarar soja yana tafiyar da ba ta fi faɗin mazauninsa biyu ba, bindigarsa kuma kamar da hannu yake miƙa harsashin. Awon santimita da sojoji masu milimita 10 ko 6 yake tafiya. Ni ma'aunina shi ne, dakarun ƙasa su buƙaci zagaye biyar ko shida kafin su ƙetare tebur daga wannan baki zuwa wancan. In sun ƙetare a zagaye biyu, awon ya yi wa teburin yawa.

Sai kuma kwaɗayin yawa. Mutum ya ɓata wata uku yana yi wa sojoji fenti, to yana so duk a gan su. Sai ya jera su daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan, kafaɗa da kafaɗa, abokin karawarsa ma ya yi haka. To ina gefe? Duk daɗin yaƙin tebur yana wajen zagayewa ta gefen abokin gaba, ko a ja shi nan a buge shi can. In sahu ya toshe tebur, ba abin da ya rage sai a tura gaba a yi ta jifan ɗan lido har wani ya gaji.

A nan ne nake ganin babu kamar wasan DBA, wato De Bellis Antiquitatis, da Phil Barker da Richard Bodley Scott suka fitar a 1990. Kowace runduna, ta Rumawa ce ko ta Farisa, ƙungiya 12 ce rak, ba ƙari ba ragi. Da sojoji masu milimita 15 ana bugawa a fili mai santimita 60 kowane gefe. Kowace ƙungiya, wato 'yan sojoji kaɗan a manne a kan mazauni ɗaya, faɗin gabanta milimita 40 ne, don haka ko ka jera su duka a sahu ɗaya santimita 48 suka ci, kuma mai wayo yakan ajiye biyu ko uku a baya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ba da umarni: a farkon zagayenka ka jefa ɗan lido ɗaya, abin da ya fito shi ne adadin motsin da za ka iya yi. Ka samu shida, ka yi yadda kake so. Ka samu ɗaya, sai ka zauna kana kallon dawakinka suna tsaye a inda ba ka so, kamar sarkin yaƙin da ɗan aikensa ya ɓace a hanya. Wanda ya rasa ƙungiya huɗu, kuma asararsa ta fi ta abokin karawarsa, ya sha kashi. Awa ɗaya ta isa, wani lokaci ma a yi biyu tsakanin la'asar da magariba.

Wanda kuma ransa ya riga ya kwanta da manyan sojoji masu milimita 28, saboda ana ganin fuska da rawani da ɗamara, kada ya sayar da su. Ya bar maganar runduna, ya koma artabun 'yan tsiraru, mutum biyar zuwa goma kowane ɓangare. Song of Blades and Heroes na Andrea Sfiligoi an yi shi don haka, kuma ba a ma amfani da rula, sanduna uku ne: gajere, matsakaici da dogo. Frostgrave ƙafa 3 da 3 yake so. Kill Team na Games Workshop allonsa inci 30 ne da 22. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai kuskuren da ba a cika ganewa ba sai an yi wasa goma ana hamma: yin yaƙi babu dalili. A jera, a fuskanci juna, a kashe har sai wani ya ƙare. A babban tebur girman fili yakan ɓoye wannan aibi. A ƙarami tsirara yake. Neil Thomas ya gane haka, shi ya sa a littafinsa One-Hour Wargames na 2014 dokokin ba su da yawa, amma ya kawo yanayin yaƙi har 30, duk a tebur mai ƙafa 3 da 3, kowane ɓangare bai wuce ƙungiya shida ba, kuma zagaye 15 ne an tashi. Wannan ya riƙe gada, wancan ya ƙwace tudu, wani ya tare hanya har ɗauki ya iso. Ko ba ka da littafin, ɗauki darasin: ba kowane ɓangare aikin da zai yi, ka sa wa'adi, kuma kada ka zuba duk sojoji tun farko. Wasu su shigo a zagaye na uku, wasu ta gefe a na biyar. Da zarar ka yi haka bakin tebur ya daina zama bango, ya zama ƙofa.

Maganar tuddai da kurmi kuma, mutane kashi biyu ne. Masu barin tebur fayau kamar filin idi, inda 'yan baka da igwa ke cin karensu babu babbaka. Da waɗanda suka gudu daga wannan suka cika fili da gidaje da itatuwa har doki ba ya iya juyawa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A yaƙin runduna, abu uku ko huɗu sun isa, ɗaya daga ciki ya kasance kusa da tsakiya yana tare gani. A artabun 'yan tsiraru masu bindiga sai an ninka, don kowa na bukatar maɓoya. Kuma ba sai ka yi oda daga waje ba. Kwali biyu a manne da gam a yi fenti ya zama tudu, soson katifa a tsoma a koren fenti ya zama kurmi, tsinken tsire ya zama shinge. Gini dai ka yi shi ƙarami fiye da ƙima, gida ɗaya ya tsaya a madadin ƙauye.

Wasu suna raina allo mai gida-gida, wai ya koma wasan yara. Mu da muka tashi muna kallon dattawa suna dara a gindin bishiya bai kamata mu faɗi haka ba. A ƙaramin fili rabin inci yakan raba nasara da faɗuwa, kuma a nan gardama take farawa: "Ya kai!" "Wallahi bai kai ba, ka ture shi da rula." Gida-gida yana kashe wannan magana. The Portable Wargame na Bob Cordery ana iya buga shi a allo mai gida takwas-takwas irin na ches. Wanda ma ba ya son ajiye mutum-mutumi a gidansa yana da mafita mai asali, domin su Reisswitz da 'yan guntayen tubala masu launin ja da shuɗi suke wasa a kan taswira. Kafinta zai yanka maka irinsu daga ragowar katako.

Ƙaramin abu amma mai ɓata rai: tarkace. Littafin doka, rula biyu, kofin shayi, waya, gawarwakin sojoji, duk a kan filin daga. Sannan a jefa ɗan lido ya bi ta kan sahun mashi ya karya uku. Jawo kujera ɗaya ta zama ma'ajiya, ka shimfiɗa ƙyalle a cikin murfin kwano ka riƙa jifa a ciki, dokokin kuma ka taƙaita su a takarda ɗaya.

Na taɓa ba wani kafinta aikin allo ba tare da na auna ƙofar ɗakin ba, sai da muka karkata shi kamar masu shigar da katifa, kuma daga baya na rasa inda zan jingine shi. Yanzu filina falle ne na filawud mai santimita 60, an manna masa koren yadi, yana shiga ƙarƙashin gado. Sojojin na liƙa musu maganaɗisu a ƙasa, suna zaune a gwangwanin biskit mai murfi, don ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin masu da garkuwoyi sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi. Idan uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, a kwashe sojojin nan, abinci ya sauka," allon nake ɗagawa gaba ɗaya da yaƙin a kansa, in ɗora a saman kabad, inda hannun auta ba ya kaiwa.