Darasi na 9: Tsuntsayen da ke ƙaura da bazara

Maraɗi ba ta da teku, amma tana kan hanyar matafiya. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, tsuntsaye iri biyu suke saɓani a samanmu. Wasu suna barinmu su nufi arewa, wasu kuma suna isowa daga kudu.

Masu tafiya arewa baƙi ne daga Turai. Sanyin ƙasarsu ke koro su, su yi rani a wurinmu, a bakin tafkin Madarunfa da sauran tabkuna. Akwai ƙananan agwagin ruwa, akwai masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka da baki, akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ciki, wanda ke bin sawun shanu yana kaɗa wutsiya. Kafin su tashi sai sun ci sun yi kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsu. Hamadar Sahara ce a gabansu, tafiyar fiye da kilomita 1,500, kuma yawancin ƙananan da dare suke tafiya.

Wasu 'yan uwansu bakin teku suke bi. A gaɓar Muritaniya akwai wani wuri da ake kira Bank Dargen, inda tsuntsayen bakin ruwa sama da miliyan guda ke taruwa kowace shekara, su tashi da bazara zuwa arewacin Turai da Saberiya. Manyan tsuntsaye masu shawagi kuwa ba sa son faɗin teku, don iska mai zafi da ke ɗaga su daga tudu take tashi. Shi ya sa suke cunkushewa a mashigin Jibraltar, tsakanin Maroko da Sifen, inda faɗin ruwan bai wuce kilomita 14 ba. Mutane kan zauna a kan duwatsun wurin da tabarau mai jawo nesa, suna ƙirga su.

Mai isowa daga kudu kowa ya san ta: shamuwa. Baya baƙi, ciki fari. Tana yin watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba ta shakkar mutane. Iyayenmu ba sa taɓa ta, kuma sun yi gaskiya, domin fara da tsutsar gona ne abincinta. Sai dai a kula, zuwan shamuwa alama ce damina ta kusa, ba izinin shuka ba ne. Manomi ya gyara gona, ya tanadi iri, ya jira ƙasa ta jiƙu sosai.

Ga yadda ake kallo. A fita da sassafe bayan asuba, a zauna a inuwa, rana tana bayanka. Kada a sa fararen kaya masu ɗaukar ido, kada a ɗaga murya. A duba girman tsuntsun, da launin bakinsa, da tsawon ƙafarsa, da abin da yake ci.

Wani lokaci akan tsinci mataccen tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa. Wannan ba laya ba ce, ba kuma sihiri ba. Masu bincike ne suka sa masa don su gane hanyarsa. A kwafe lambar da sunan ƙasar da ke jiki, a kai wa ma'aikatan gandun daji. Idan kuwa matattun suna da yawa wuri guda, kada a taɓa da hannu, kada yara su ɗauka, don gudun murar tsuntsaye. A sanar da likitan dabbobi. A kuma hana yara harbin baƙin nan da danƙo: wanda aka kashe a Afrilu yana kan hanyarsa ta zuwa yin ƙwai ne.

Aikin gida: ka ware shafi guda a littafinka. Ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa bana, da itacen da ta sauka a kai, sannan ranar ruwan shuka na farko. Ka ƙirga kwanakin da ke tsakani, ka kawo aji mu gwada da na sauran ƙauyuka.