Gwajin jini na neman tarin fuka ga masu HIV: inda ake yawan kuskure

Har gobe tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV, a 2023 kaɗai hukumar lafiya ta duniya WHO ta ƙiyasta ya kashe kusan mutum 161,000 a cikinsu, kuma cuta ce mai magani fa, abin da ke ci min rai kenan. Sau tari ba gwajin ne babu ba, fahimtar sakamakon ce ake kuskurewa.

Wanda na fi gani shi ne a ɗebi jinin mutum a ce masa CRP ɗinka ya hau, shikenan sai ya koma gida hankali a tashe wai an gano yana da tibi, wato tarin fuka. A'a, ba haka ba ne. CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa duk lokacin da jiki ke faɗa da wata cuta ko kumburi, maleriya na ɗaga shi, nimoniya na ɗaga shi, ko miki ne ya yi ruwa a ƙafarka sai ya hau. A 2021 ne WHO ta amince a riƙa tantance manya da matasa masu HIV da shi, idan ya wuce miligiram 5 a kowace lita ta jini. Aikin rariya yake yi, ya ware waɗanda za a zurfafa bincike a kansu, ba shi ke yanke hukunci ba. To in naka ya hau ka nemi a karɓi kakinka a sa a na'urar gwaji ta GeneXpert, shi wannan ƙwayar cutar yake nema ita kanta, cikin kamar awa 2 zai nuna ko tana nan, har ma ya faɗa ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi.

Kuma CRP ya fi amfani ga wanda ke zuwa asibiti da ƙafarsa, musamman wanda bai fara shan maganin HIV ba tukuna. Wanda aka ba gado yana jin jiki kuwa kusan dole nasa ya hau ko da tibi ko babu, don haka tsayawa jiran CRP a kansa ɓata lokaci ne, a wuce kai tsaye zuwa gwajin kaki, a haɗa da na fitsari da ake kira LAM. Eh fitsari ne ba jini ba, mutane na yawan rikita su. LAM ya fi kama cutar a wanda CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, ya faɗi ƙasa sosai, amma in bai nuna komai ba hakan bai wanke mutum ba sam.

Sai gwajin jini na IGRA, irin su QuantiFERON, nan ne ruɗanin ya fi yawa wallahi. Shi wannan gwajin tambayar garkuwar jikinka yake yi ko ta taɓa haɗuwa da ƙwayar tibi, ba ya iya bambance ƙwayar da ke kwance shiru da wadda ta tashi tana cin huhu. In ya nuna akwai, ba yana nufin kana da ciwon a yanzu ba, kuma ba yana nufin kana yaɗa wa iyalinka ba. In ya nuna babu, nan ne haɗarin, domin HIV garkuwar take karyawa, wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa jikinsa na iya kasa amsawa gaba ɗaya alhali ƙwayar na nan tana ɓarna. Mutum yana tari yana ramewa, a ce ai IGRA ya fito lafiya a sallame shi, wannan ganganci ne da rai. Gwajin tibi da ake yi a fata ma matsalarsa ɗaya da wannan.

Wasu kuma sai su ƙi fara maganin rigakafin tibi wai sai an samu IGRA tukuna. Ba sharaɗi ba ne ga mai HIV. Sharaɗin shi ne a tabbatar ba ka da tibi mai aiki, daga nan a ba ka isoniyazid na wata 6, ko haɗin magunguna biyu da ake kira 3HP da ake sha sau ɗaya a sati har sati 12.

Akwai kuma 'yan gwaje-gwajen nan na ɗigon jini masu neman sojojin garkuwa, da ake cewa nan take za su faɗa maka ko kana da tibi. Tun 2011 WHO ta ce a daina, sakamakonsu ba abin dogaro ba ne, Indiya ma ta haramta su a 2012. Ka ƙi su kawai.

Abin da ya fi duk waɗannan sauƙi kuma shi aka fi tsallakewa, tambayoyi huɗu ne da ya kamata a yi maka duk zuwan da ka yi karɓar magani: tari, zazzaɓi, rama, da gumin dare. Mutane sun haddace maganar cewa sai tari ya kai sati 2 ake zargin tibi, sai ka ji mutum na cewa ai nawa kwana huɗu ne kawai bari in ƙara gani. Ga mai HIV ba a ƙirga kwana, tari ko na jiya ne ka faɗa wa nas ko likita ko da ba su tambaye ka ba. In an ba ka robar kaki kuma don Allah kar ka tofa yawu ka miƙa, ja numfashi sosai ka kakaro daga ƙirji, in ya ƙi fitowa ka gaya musu gaskiya don a yi maka hoton ƙirji ko a gwada fitsarin.