Yadda mai jiki zai fara tseren gokat

Kafin ka sayi komai, hau sikeli. A tseren gokat, ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya, kowane rukuni yana da mafi ƙarancin nauyin da aka ƙayyade, kuma tare ake auna mota da direba da kayan jikinsa da zarar an gama tsere. Siriri yakan ɗaura darma a jikin kujera don ya cika awo. Mai jiki ba shi da abin saukewa, saboda haka zaɓen rukuni shi ne aikinsa na farko.

Ga lissafin. Gokat mai injin Rotax Max tana kai kilo 75 zuwa 80 ba direba, hular kwano da riga da takalmi kuma kamar kilo 5. Awon rukunin Senior Max a gasar ƙasa da ƙasa kilo 162 ne. Ke nan da ka haura kilo 80, duk abin da ya ƙaru kaya ne a kanka kai kaɗai, kuma a fitowa daga kowace kwana za a bar ka. A Ingila akwai rukunin Rotax 177 da aka ware wa masu jiki. Awon rukunin Rotax DD2 kilo 175 ne, DD2 Masters kuma 180 ga wanda ya kai shekara 32. A Amurka, masu injin Briggs LO206 suna da rukunin masu nauyi, galibi fam 390, kusan kilo 177. Je fili ranar gasa ka ƙirga motocin da ke shiga rukunin da kake so. Wanda mutum biyu kacal ke shiga ba zai koya maka tsere ba. Idan da hali, fara da motar haya, irin gasar Club100 ta Ingila da ke raba direbobi bisa nauyi.

Wajen sayen shasi, wato ƙarafunan gangar jikin motar, nemi mai bututun milimita 32 maimakon 30, domin na 30 yakan lanƙwashe fiye da kima ƙarƙashin mai nauyi, ya gaji da wuri. Kada ka biya sai ka zauna a ciki. In ka taka birki har ƙasa, gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa, kuma kada ta taɓa sitiyari. Dogo zai buƙaci a matsa fedoji gaba.

Kujera ce babban aikin, a nan za ka ɓata lokaci. Gokat ba ta da sifirin, kuma sanda guda ce ta haɗa tayoyin baya, dukansu gudu ɗaya suke yi. Ba za ta sha kwana ba sai tayar baya ta ɓangaren ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa, kuma nauyin jikin direba na cikin abin da ke ɗaga ta. Ga mai faɗin ƙirji ko dogo, ɗagawar takan yi yawa: tayar waje ta cije, ta saki, ta sake cijewa, mota ta riƙa tsalle a tsakiyar kwana tana dukan haƙarƙari, wani lokaci har ta hau taya biyu. Maganinsa a sauke kujera ƙasa har gindinta ya daidaita da ƙasan shasi, a ɗan kwantar da ita baya, sannan a buɗa tayoyin baya kusa da iyakar milimita 1400 da doka ta yarda.

Sayi garkuwar haƙarƙari tukuna, ka sa ta, sannan ka gwada kujera. Tillett da sauran masu ƙerawa suna yin manya. Ta kama ka tsam a ƙugu da haƙarƙari, domin kujera mai sako-sako ita ce ke tsaga ƙashi. Wajen ɗaurawa, sa wasa (faifan ƙarfe mai huda) mai faɗi a kowane noti don kada jikin kujerar ya dare. Daga nan ɗora kowace taya a kan sikeli, a daɓe mai daidaito, kana zaune cikin kayanka: a nemi kashi 43 cikin 100 na nauyin a gaba, 57 a baya. In bai kai ba, kujerar za ka matsa, santimita ɗaya-ɗaya.

Don mota ta tashi da ƙarfi daga kwana, ƙara haƙori 1 ko 2 a faifan baya da sarƙa ke hawa. Za ka ɗan rasa gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma ciniki ne mai riba a fili mai yawan kwana. Nauyi na saurin ɗumama taya, don haka fara da iska ƙasa kaɗan da ta siraran direbobi, ka auna da geji da zarar ka fito, ka rubuta.

A kan hanya kuwa, kada ka yi gasar jinkirta birki da siriri. Taka da wuri, saki a hankali, ka riƙe gudunka cikin kwana, domin duk gudun da ka zubar ka fi kowa daɗewa kafin ka maido shi. Ranar ruwan sama kada ka ƙi fita: nauyin nan yana danna taya a kwalta mai santsi, kuma a ranar ce tazararka da siraran ke raguwa sosai.