Yadda ake tabbatar da cewa alwatika biyu daidai suke

Duk shekara idan na zo wannan darasi da ɗalibaina a ƙauyenmu da ke wajen Ringim, magana ɗaya nake ji: "Malam, ai ga shi nan, iri ɗaya ne." Mai duba takardar WAEC ko NECO kuwa ba ruwansa da abin da idonka ya gani. Hujja yake nema cewa in an yanko ɗaya an ɗora kan ɗayan, za su hau juna ba ragi ba ƙari.

Fara da sake zana su daban-daban, ko da a manne aka ba ka su. Ni ba na karɓar aikin da ba a yi haka ba. Sa 'yar alama a kan gefunan da aka ce tsawonsu ɗaya. In akwai gefen da suka yi tarayya a kansa, hujja ce ka samu a ɓagas, amma yara sai su tsallake shi.

Sai ka nemi abu uku da suka dace. Gefe uku duka, shi ne SSS (a gajartawar Turanci, S gefe ne, A kuma kusurwa). Kusurwa biyu da gefe ɗaya, ASA ko AAS, tunda jimillar kusurwoyi digiri 180 ce, ta ukun da kanta take fitowa. In akwai kusurwa mai digiri 90, gefen da ke fuskantarta da wani gefe ɗaya sun isa, wato RHS. Saura SAS, gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu.

Kalmar nan "tsakaninsu" ita ke kayar da mutane, ni ma ta kayar da ni ina ɗalibi. Yaro ya ga gefe biyu da kusurwa, ko'ina take, sai ya rubuta SAS. Shi ya sa nake fitar da su gindin darbejiya. Ba sai an sayi kayan awo ga kowa ba, karan dawa da zare da ƙusa sun wadatar. Ja dogon layi a rairayi. Daga bakinsa kwantar da kara mai santimita 80, ya buɗe digiri 30. Kafa ƙusa a ɗaya ƙarshen karan, ɗaura zare mai santimita 50, ka ja shi ya miƙe, ka zagaya. Bakin zaren zai taɓa layin a wuri biyu, ɗaya wajen santimita 39 daga farko, ɗayan wajen 99. Awo ɗaya, amma ga alwatika biyu, gajere da dogo. Dalili shi ne kusurwar ba ta tsakanin karan da zaren, don haka ba abin da ya ɗaure zaren wuri guda.

Kusurwa uku kaɗai ma ba hujja ba ce, siffa ɗaya za ta ba ka, girma na iya bambanta.

Wajen rubutawa, layi uku, kowanne da dalilinsa a gefe, sai sunan ƙa'idar. Jera haruffan kusurwoyi yadda suka dace: in A ta hau kan P, B kan Q, to ABC da PQR za ka rubuta, ba QPR ba.